Mutum 1,200 a madadin ƙasa guda

Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zayyana haƙƙoƙin ɗan Adam a rubuce, amma takarda ba ta faɗin abin da talaka ya yarda da shi a ransa. Sai an je an tambaye shi. Aikin da cibiyar Afrobarometer mai hedikwata a Accra ke yi ke nan tun 1999, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe 12 da aka fara da su.

A yawancin ƙasashe mutum 1,200 zuwa 2,400 ake zantawa da su, 'yan shekara 18 zuwa sama, ido da ido, da harshen da suka zaɓa. Wani zai ce ai sun yi kaɗan. To, mai sayen gero a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu. Ɗan kaɗan yake ɗiba ya duba, muddin ba mai kayan ne ya zaɓar masa ba. Shi ya sa ake fitar da unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, a kuma raba daidai tsakanin maza da mata. Idan an kiyaye wannan, kuskuren bai cika wuce kashi 3 cikin 100 ba.

A ganina, wahalar tana wajen tsara tambaya. Ka ce wa mutum, “Kana goyon bayan 'yancin faɗin albarkacin baki?” da wuya ya ce a'a. Don haka ake ajiye masa magana biyu ya ɗauki ɗaya: jaridu su buga abin da suka ga dama, ko gwamnati ta hana abin da take ganin zai cutar da al'umma. Nan ne kan jama'a ke rabuwa, nan ne kuma alƙaluman ke da amfani.

Akwai cikas. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, alhali da ita ake kasafta waɗanda za a tambaya. Garin da rashin tsaro ya hana shiga, dole a musanya shi da wani, ga shi mutanensa ne aka fi tauye wa haƙƙi. Sai tsoro: baƙo ne ya yi sallama, yana tambaya kan 'yan sanda. Saboda haka, a ƙarshen hira akan tambayi mai amsa wa yake zaton ya aiko masu tambayar. Da yawa sukan ce gwamnati, kuma masu nazari kan ware amsoshinsu su gwada da na sauran.