Wadatar Zuci da Zaman Aure a Bakin Mutanen Ajingi

In Bahaushe ya so ya auna daɗin aure, da kalmar "zama" ya kan auna shi. A Ajingi ta ƙasar Gaya, gabas da Kano, kamar sauran ƙasar Hausa, a kan ji zaman lafiya, da zaman haƙuri, da zaman 'ya'ya, da zaman 'yan marina. Ginin nahawunsu ɗaya ne, watau "zama" da harafin mallaka -n, sa'an nan suna ya biyo. Amma fa ma'anarsu ta yi nisa da juna, kuma bambancin ya fi fitowa bayan miji da mata sun haura shekara 40.

Dalili kuwa shi ne, a lokacin nan haihuwa ta fara tsayawa, 'yan mata sun tafi ɗakunansu, wataƙila maigida ya soma zancen amarya. Matar da zaman 'ya'ya kaɗai ta ke yi sai ta waiwaya ta ga igiyar da ta ɗaure ta ta saki. Daga nan ko yaji, ko zawarci da furfura, ko kuwa zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Wadda ta tsira ita ce mai wadatar zuci. A ganina kuskure ne a haɗa wannan kalma da haƙuri, ko da ya ke masu wa'azi su kan jera su tare. Mai haƙuri tana jira ne a canja mata. Mai wadatar zuci kuwa hankalinta bai rataya ga fara'ar miji ta yau ko ɗaure fuskarsa ta gobe ba, gama tana da wadansu madogara: awakinta, da man gyada da ƙuliƙulin da ta ke aika yara talla, da adashi, da ƙawayen da su ke yi wa juna biki. Baba ta Karo ta bayyana wa Mary Smith ƙarfin ƙawance a littafin da aka buga a 1954, Polly Hill kuma ta nuna girman cinikin matan kulle a Batagarawa a 1969.

Dattijon da ya sami irin wannan uwargida ya kan nemi shawararta kan auren 'ya'ya da sayar da hatsi, har ya ranci kuɗin taki a hannunta, ya kuma biya da kaka, don dukiyarta tata ce a shari'a.