Tsagewar Katanga Daga Harsashi Take Farawa

A sani cewa kowane gini, na ƙasa ne ko na bulo, bayan an gama shi sai ya ɗan zauna, domin nauyinsa yana danne ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Idan ya zauna bai ɗaya, ba a cika ganin illa ba. Amma idan wani sashe ya nutse fiye da wani, to, nan ne katanga ke darewa, ƙofa ta ƙi rufuwa, azara ta saki mazauninta.

Ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar galibinta jigawa ce. Rairayi yakan gama zamansa da wuri, amma idan ruwan indararo ya dinga zuba a gindin katanga, sai ya zaizaye shi ta gefe guda. Laka kuwa, irin ta fadama, zamanta a hankali ne, yana ɗaukar shekaru, kuma takan kumbura da damina ta ƙanƙance da rani. Mafi hatsari shi ne fili mai ƙasa biyu, watau rabinsa ƙasar asali, rabinsa tsohon kududdufi ko rijiya ko salga da aka cike. A ambaliyar 2022 gidaje da yawa sun rushe a Jihar Jigawa, kuma ruwa ta gindi yake fara cin ginin ƙasa.

Misalin da duniya ta sani shi ne hasumiyar Fisa a ƙasar Italiya. An fara ta a 1173, tun ana cikin aiki ta karkata, domin ƙasar kudancinta ta fi laushi. An rufe ta a 1990, aka riƙa ɗebe ƙasa kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin arewacinta har ta ɗan miƙe, sa'an nan aka buɗe ta a 2001.

Tsaga tana da karatu. Wadda ta fi faɗi a sama, alama ce gefen gini ne ya nutse. Wadda ta fi faɗi a ƙasa, tsakiya ce ta sauka. Mai gida ya shafe ta da siminti ya rubuta ranar. In ta sake buɗewa, ƙasa ba ta gama motsi ba, yaɓe kuwa ba zai warkar da ita ba.

Saboda haka gwanayen magina suke haƙa harsashi har su tarar da ƙasa mai tauri, su faɗaɗa shi gwargwadon nauyin da zai ɗauka. A ginin bulo akan ɗaure katangu duka da kankare mai rodi, domin su zauna tare. Hasumiya mai nauyi ba a liƙa ta da katangar masallaci, sai a bar 'yar rata tsakaninsu. Haka kuma sabon ɗaki da tsoho.

Attajirin da zai ɗora bene a kan shagonsa, da malamin da zai ƙara wa almajirai ɗakin kwana, lalle su fara tambayar abin da ke ƙarƙashin fili, su kira injiniya ya duba. Kuɗin harsashi ba ya kai kuɗin rushewa, balle ran yaran da ke barci a ciki. Allah ya kiyaye, amin.