Ƙwayar zink ga masu ciwon suga: amfaninta da iyakarta

Jiki na buƙatar sinadarin zink wajen haɗa insulin da adana shi, masu ciwon suga kuwa sukan yi asararsa da yawa ta fitsari. Bincike ya nuna cewa ƙwayar zink kan ɗan rage kolestarol mai cutarwa a jini, musamman ga mai ƙarancin sinadarin, amma tasirinta a kan ƙiba ƙalilan ne. Babban namiji na buƙatar miligiram 11 a rana, mace kuma 8, ana kuma samunsa a nama da wake da gyaɗa. Zarce miligiram 40 kullum kan jawo ƙarancin sinadarin tagulla, ya kuma rage kolestarol mai amfani. Don haka ƙwayar ba ta maye gurbin maganin likita ba.