Lissafin ƙaramar Tiger: 6, 36 da 216

Masu haɗa ƙananan tankokin yaƙi na ƙarfe da ake tuƙawa da rimot sun fi kwaikwayon Tiger I, tankar da kamfanin Henschel ya ƙera a birnin Kassel na Jamus daga 1942 zuwa 1944, guda 1,350 ko ƙasa da haka kaɗan. Ma'aunin da manyan masu wannan sha'awa suke so shi ne 1:6, wanda kamfanin Armortek na Ingila yake sayar da kayan haɗinsa gunduwa-gunduwa. Mai saye yakan riƙe lamba 6 a kansa. Amma tsawo kaɗai ake rabawa da 6. Faɗin fuska ana raba shi da 36, nauyi kuma da 216, kuma wanda bai riƙe wannan ta ukun ba shi ne ke ƙona inji.

Tsawo ba shi da wahala. Tiger I ta kai mita 8.45 idan an haɗa da bakin igwa, faɗinta ya haura mita uku da rabi, tsayinta mita 3. Ƙaramar za ta zama santimita 141 a tsawo, kusan 60 a faɗi, 50 a tsaye. Sulken gaba mai kaurin milimita 100 ya koma kusan 17, ramin igwa mai milimita 88 ya koma ƙasa da 15 kaɗan.

Nauyi ne ke ba mutane mamaki. Tankar gaske tan 57 ce. A raba kilo 57,000 da 216, a sami kilo 264, wato ya ɗara buhun siminti biyar. Wannan shi ne nauyin da ƙaramar za ta yi da a ce an kwaikwayi komai da irin ƙarfen asali. Shi ya sa ake yin gangar jikin da alminiyam, wanda santimita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa giram 2.7 ne, alhali na baƙin ƙarfe 7.85. Da za a yi ta duka da alminiyam, kilo 264 zai sauko wajen 91. Amma akwai batura masu dalma, akwai gatari da giya da dole a yi su da ƙarfe mai tauri, don haka idan ta kammala takan haura kilo 100. Mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, kuma teburin da za a haɗa ta a kai sai an yi tunaninsa tun kafin a ɗaure noti na farko.

A ma'aunin 1:16, wanda Tamiya ta Japan ta fara da tankar Sherman a 1974 kuma Heng Long ta Sin ta yaɗa da araha, lambar rabon nauyi 4,096 ce. Tiger ɗin santimita 53 ce, nauyinta a lissafi kilo 14. Tsawon ta 1:6 bai kai ninki uku na wannan ba, amma nauyinta ya kusa ninki 19.

Sarƙa ita ce wurin da haƙurin mai haɗi yake bayyana. Kowane gefe na Tiger I yana da gaɓoɓi 96, jimilla 192, kowace da fil ɗinta. Faɗin sarƙar fagen daga milimita 725 ne, a ƙaramar santimita 12. Sai mutum ya ɗauki gaɓa ɗaya ɗaya, ya goge tsinin da zubi ya bari da zarto, ya zura fil, ya lanƙwasa ya ga ko tana motsi ba tare da cijewa ba. Gaɓa guda mai tauri ta isa ta sa sarƙa ta zame daga haƙoran tayar da ke jan ta. Tankokin farko suna da tayoyi 24 a kowane gefe, a cuɗe cikin juna a kan gatari takwas, har ma'aikatan Jamus sukan cire da dama kafin su kai ga ta ciki. Mai ƙaramar ma bai tsira daga wannan ba.

Abin da na fi so a wannan lissafi shi ne sifirin. Tiger tana tsaye ne a kan sandunan ƙarfe da ke murɗewa idan taya ta hau tudu. Idan aka rage sandar daidai da ma'auni, kauri da tsawo duka kashi ɗaya cikin shida, murɗewar da za ta yi a ƙarƙashin kilo 264 kashi ɗaya cikin shida ne kawai na murɗewar ta asali. Tankar za ta riƙa tsalle a kan tsakuwa, ta rasa lumshin nan da ke nuna nauyi. Maganin shi ne a saɓa wa ma'auni da gangan. Taurin sandar yana bin kaurinta ne ninki huɗu a kan kansa, saboda haka sai a rage kaurin da ƙarin kusan kashi ɗaya cikin uku. A ganina mai haɗin da ya fahimci wannan ya fi wanda ya ƙirga kowace kusa daidai, domin ido yana gane tafiya tun daga nesa.

Ƙarfin inji ma yana da nasa rabon. Injin Tiger, Maybach HL230, yana ba da ƙarfin doki 700, kusan kilowat 515, gudun tankar kuma ya kai kilomita 45 a awa a kan titi mai kyau. Kashi ɗaya cikin shida na wannan gudu kilomita 7.5 ne, ya ɗan fi saurin mai tafiya a ƙasa. Tunda nauyi ya ragu sau 216 gudu kuma sau 6, ƙarfin da ake buƙata ya ragu sau 1,296, wajen wat 400. Da batura biyu masu volt 12 a jere, wato volt 24, wuta ce mai amfiya 17. Wannan na tafiya miƙe ne. Juyawa a wuri ɗaya, inda sarƙa ɗaya ke gaba ɗaya ke baya suna goge ƙasa a kaikaice, yana jan wutar da ta fi haka nesa, musamman a kan ciyawa, kuma nan ne fiyus ke ƙonewa.

Wannan ya kawo mu ga gyare-gyare. Mai son ƙarar gaske yakan cire sarƙar alminiyam ya sa ta baƙin ƙarfe, wadda ta kusa ninka ta uku a nauyi. Sai ya ƙara injin hayaƙi, da lasifika, da na'urar da ke ja da igwa baya kamar an harba. Kowanne yana ƙara nauyi ko yana shan batir. Ƙasa ba za ta ji komai ba, domin nauyi ya ragu sau 216 yayin da shimfiɗar sarƙa ta ragu sau 36 kawai, don haka dannin da take yi wa ƙasa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na ta gaske ba. Giyabos da injinan lantarki ne ke ɗaukar ƙarin. Masu ƙananan 1:16 sun san wannan sarai: wanda ya sa sarƙar ƙarfe ya bar giyar roba, ba da jimawa ba haƙoran giyar za su cinye.

Mai son auna aikinsa da ta gaske yana da Tiger 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943. Tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, kuma ita kaɗai ce Tiger I da har yanzu injinta ke tashi.