Ko Kun Sani? Sanƙarau Yana Iya Jawo Shanyewar Ɓarin Jiki

Sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, yakan haddasa wa manya shanyewar ɓarin jiki, musamman idan ƙwayar bakteriyar numokokas, wadda kan kawo ciwon huhu, ce sanadinsa. Manyan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna ratsawa ne ta cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, wanda cutar ta gurɓata da mugunya, sai bangonsu ya kumbura, hanyarsu ta ƙuntata, gudan jini ya toshe ta, har sashen ƙwaƙwalwar da suke ciyarwa ya mutu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, hakan yana iya aukuwa bayan mako guda ko fiye, lokacin da zazzaɓi ya sauka kuma majinyaci ya fara murmurewa.