Abin da ya hana laburare ba da aron mujallar da ya biya kuɗinta

Babu laburaren da ya tara komai, ko da na Jami'ar Harvard ne. Shi ya sa tun tale-tale ɗakunan karatu ke aro a tsakaninsu. Ɗalibi ya nemi maƙala a jami'arsu ya rasa, sai ma'aikacin laburare ya aika wa takwaransa na wata jami'a, can a sauko da mujallar daga kanta, a yi hoton shafukan, a aiko masa.

A zamanin takarda doka ce ke da ta cewa. A Amurka, sashe na 109 na dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ya ba wanda ya sayi littafi damar ya ba da aronsa ko ya sayar. Sashe na 108 kuma ya yarda laburare ya kwafi maƙala ya aika wa wani laburaren, muddin ba dabara ce ta guje wa sayen mujallar ba. To, ina iyakar? Wani kwamiti mai suna CONTU ya kawo ma'auni, yana cikin rahotonsa na 1978: a shekara guda, kada mai nema ya wuce maƙala biyar daga mujalla ɗaya, cikin fitowarta ta shekaru biyar na baya-bayan nan. Daga ta shida sai a biya kamfanin ɗab'i. Ba doka ba ce, amma ta bi jiki.

Da mujallu suka koma intanet sai lissafi ya sauya. Yanzu laburare ba saye yake yi ba, lasisin shiga rumbun kamfani yake biya shekara-shekara. Ya tashi daga mai gida ya koma ɗan haya, kuma abin da takardar haya ta ce shi za a bi. Tun da babu kwafin da ya mallaka, sashe na 109 ba shi da abin kamawa.

A cikin takardar ne ake saƙa sharuɗɗan aro, sau da yawa a sakin layi ɗaya can tsakiya. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na bugawa tukuna. Maƙala tana kan allon kwamfuta, amma lasisi ya ce sai ma'aikaci ya buga ta a takarda, sannan ya aika ta gidan waya ko ta faks, ko ya sake ɗaukar hotonta ya tura. Hujjar kamfanoni ita ce kada tsaftataccen kwafi ya bazu hannu-hannu. Tsoronsu ba na banza ba ne, amma wahalar a kan ma'aikaci da ɗalibi take ƙarewa. Wani lasisin ya ce aro sai ga laburaren da ke cikin ƙasa ɗaya, wato jami'ar da ke Ohayo ba ta da ikon agaza wa mai bincike a Zariya ko Yamai. Wani ya ɗauki ma'aunin biyar ɗin nan, wanda shawara ce kawai, ya mai da shi sharaɗi. Littattafan intanet kuwa, galibi ba a yarda a ba da aron cikakkensu, sai dai babi guda.

Ma'aikatan laburare ba su naɗe hannu ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 Ann Okerson ta kafa shirin LIBLICENSE a Jami'ar Yale, wanda ya fitar da samfurin lasisi da ke kare haƙƙin aro, domin mai ciniki ya je da nasa daftarin. Wasu ƙasashe kuma sun bi ta majalisa. Birtaniya ta gyara dokarta a 2014, ta ce sharaɗin da ya hana laburare kwafin da doka ta halatta ba zai yi aiki ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ita ma ta rushe irin wannan sharaɗi.

Sai dai akwai wani sakin layi kusa da ƙarshen takarda, wanda ke faɗin dokar ƙasar da za a bi da kotun da za a je idan rigima ta tashi. Idan ya ambaci Ingila ko New York, kariyar dokar gida za ta yi wuyar cin moriya, ga shi kamfani na iya toshe hanyar shiga rumbunsa tun kafin a kai gaban alƙali. Wannan layin da na aro su ne ya kamata shugaban laburare ya yi jayayya a kansu kafin ya sa hannu.