Maganin Ƙanjamau: Inda Aka Kwana

 

Ya 'yan'uwa mutanen ƙasar Zuru, tun daga Dabai har Ribah da Wasagu da Mahuta, ana yawan tambaya a zaure da bakin masallaci, shin an sami maganin ƙanjamau ko ba a samu ba? To, ga bayani gwargwadon abin da ya tabbata.

Ku sani, a 1981 aka fara ba da labarin wannan cuta a Amurka. A 1983 masana a birnin Paris na Faransa suka gano ƙwayar da ke kawo ta, a 1986 kuma aka ba da sanarwar ɓullarta a Nijeriya. A 1996 likitoci suka dace da haɗa magunguna uku waɗanda ke danne ƙwayar har ta kasa yaɗuwa cikin jini. Mai shan su kullum ba fashi yakan yi noma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna wajen mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Nijeriya.

Amma dannewa daban, warkewa daban. Manomin dawa ya san halin ƙuduji: ka cire wanda ya fito, irinsa na kwance cikin ƙasa shekara da shekaru yana jiran damina. Haka wannan ƙwaya take. Takan shige cikin wasu ƙwayoyin jini ta yi lamo, magani ba ya iske ta can. Ran da aka bar shan magani, cikin 'yan makonni sai ta farka. Wata yarinya a Misisifi ta Amurka ta yi fiye da shekara biyu ba magani, ba a ga cutar ba, har aka yi murna, sai ga ta ta komo a 2014.

Duk da haka akwai waɗanda suka warke sarai. Na farkonsu Timothy Ray Brown ne, wanda aka yi wa dashen ɓargo a Balin ta Jamus a 2007 saboda sankarar jini. Wanda ya ba shi ɓargon yana cikin mutane ƙalilan da aka haifa ba su da ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga, wadda likitoci ke kira CCR5. Ya bar magani, cutar ba ta komo ba har ya rasu a 2020, sankarar ce ajalinsa. Aka sake dacewa da wani a Landan, aka ba da labarinsa a 2019, sa'an nan wasu 'yan kaɗan suka biyo baya. Sai dai wannan aiki yana da tsada da hatsari ƙwarai, har yakan kashe, don haka ba a yi wa kowa shi sai mai sankara. Mutum wajen miliyan 40 ke da cutar a duniya, ina ɓargon da zai ishe su?

Amfanin labarin shi ne ya nuna warkewa mai yiwuwa ce. Yanzu masana na bin hanyoyi: wasu na neman su tayar da ƙwayar daga maɓoyarta a kashe ta, wasu na neman su toshe ƙofar nan ba tare da dashe ba, wasu na ƙarfafa garkuwar jiki ta riƙe cutar da kanta. Duka ana kan gwaji. Akwai kuma allurar lenacapavir, sau biyu a shekara, wadda aka gwada a kan 'yan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda, aka ba da sakamako a 2024, ba ko ɗaya cikin waɗanda aka yi wa da ta kamu. Amma riga-kafi ce, ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu.

Saboda haka ina yi muku gargaɗi da masu lasifika a kasuwa, masu cewa gora ɗaya ta isa. A 2007 Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya ce yana warkarwa da ganyaye, ya sa mutane suka bar maganin asibiti, wasunsu suka mutu. Mu kuma malamai, kada ɗayanmu ya ba da rubutu ya ce a aje ƙwaya. A yi addu'a, a sha magani, neman magani ba ya warware tawakkali.

Wanda ke shakka ya tafi Babban Asibitin Zuru a auna jininsa, masu niyyar aure su auna kafin ɗaurawa, mai ciki ta je awo domin a tsare jaririnta. Kada a ƙyamaci mai cutar, gama sau da yawa matar kirki ce ta samu a ɗakinta, ko jariri a cikin uwarsa. Wanda ya riƙe maganinsa shi ne zai kai ranar da za a sami na warkewa, in Allah ya nufa.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare masu ita. Wassalamu.